Shekarar da Baba Ya Hau Ƙanƙara

Ranar Asabar da ta wuce na tsaya gaban wani mahauci ina jira ya yanka min nama, sai ya ɗauki wuƙarsa ya shiga goga ta a jikin ƙarfe, shas, shas, shas. Na yi shiru ina saurare har ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, wuƙarka ce gefe ɗaya ya fi ɗaya wasuwa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ga yarinya da jakar makaranta a kafaɗa, ya ci gaba da yankansa. Ni kuwa ko a jikina, don na san abin da kunnena ya ji. Tun daga wurin har na isa gida ba abin da nake tunawa sai shekarar da aka yi Kofin Duniya a Doha, da ƙungiyar hokin ƙanƙarar da zamanmu a garin ya rataya a wuyanta.

Bari in fara gaya maka ko su wane ne mu. Mu mutanen Katsina ne, gidan wanzamai. Kakana na wajen uba wanzami ne da aka sani a unguwarsu, ya rasu ban buɗe ido na san shi ba. Baba ya taso yana riƙe masa zabira yana wasa masa asake, amma bai gaji aski ba, ya yi karatun gyaran injinan sanyi, aikin nan ne ya kawo shi Doha. Ina 'yar shekara biyar ni da Mama muka biyo shi. Muka zauna a Wakra, a wani bene da in ka buɗe taga da safe ƙarnin kifi da iskar teku za su riga gaisuwar maƙwabta shigowa. Takardun zamanmu duka a kan aikin Baba suke. In aikin ya tafi, iƙamarsa ta tafi, tawa da ta Mama su bi ta.

Aikin kuwa shi ne kula da wani filin ƙanƙara da ke tsakiyar wani katafaren ginin kantuna. A waje rana tana narka kwalta, a ciki Baba yana daskarar da ruwa mai faɗin filin makaranta, mutane su sa takalma masu ƙarfe a ƙasa suna zamiya a kai. Kusan shekara goma yana wannan aiki. Ya san ƙanƙarar nan da tafin hannu, yana dafa ta ya ce yau ta yi laushi, a ƙara wa inji wuta. Amma da takalmin roba yake shiga, bai taɓa sa na zamiya ba, wai shi magidanci ne, ba zai yi wasan yara ba. Ni ce dai 'yar gidan da ta koya. Duk safiyar Juma'a kafin a buɗe wa jama'a nakan bi shi in yi ta zagaye ni kaɗai, kuma ba yabon kai ba, na iya.

Mahaifiyar Baba, wadda dukanmu muke kira Inna, ta zo Doha ne a duba mata ido, da niyyar wata biyu ta koma. Sai ga korona. Aka rufe filin jirgi, aka rufe masallatai da makarantu, wata biyu suka zama shekaru. Inna ta zauna a falonmu kusa da taga da carbinta, tana kallon titi babu kowa, tana cewa ba ta taɓa ganin garin da ke da fitila da yawa haka ba kuma ba mai zuwa gaisuwa. Ni da ita muka zama abokan faɗa. Tana kirana 'yar ƙanƙara, wai jinina ya daskare shi ya sa ba na cin yaji. Ni kuma in ce mata tsohuwar da ta zo wata biyu ta cinye mana shinkafar shekara uku. A ƙasan akwatinta akwai zabirar Kakana, baƙar fata da ta sha hannu, da asake a ciki da wani ɗan dutsen washi da tsakiyarsa ta lotsa. Ba ta barin kowa ya taɓa.

Cikin kullen ne aka umarci Baba ya kashe injinan. Ya tsaya yana kallo ƙanƙarar da ya yi shekaru yana reno ta zama ruwa ta bi magudana. Ya dawo gida ranar bai ci abinci ba. A wannan lokacin ne kuma wani dattijon Bature, wanda shi ke wasa ƙarafan takalman 'yan wasa, ya koma ƙasarsu, bai sake dawowa ba.

Da aka buɗe gari, mai filin, wanda shi ne kafil ɗin Baba, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya kafa ƙungiyar hoki ta sosai. Ya ɗauko 'yan wasa daga ƙasashen sanyi yana biyansu albashi, ya haɗa su da wasu samarin gari, ya kawo kociya. In ba ka taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum shida ne a kowane ɓangare har da gola, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba zuwa raga, suna gudu a kan ƙanƙara kamar an koro su. Zubi uku ake yi. Kuma ana ture juna a jikin katanga ba a ce an yi laifi ba, abin da Inna ta kasa fahimta har ta bar duniya.

Kakar wasan ta fara ne da zafi ya soma raguwa, watanni kaɗan kafin Kofin Duniya. Wata rana muna cin abincin rana Baba ya faɗa wa Mama sharaɗin da kafil ya gindaya. In ƙungiyar ta ƙare cikin huɗun farko, fili ya zauna. In ba haka ba, za a rushe ƙungiyar, a fasa ƙanƙarar a yi shaguna a wurin, don masu haya sun daɗe suna roƙo. Inda babu ƙanƙara kuwa babu aikin mai ƙanƙara. Daga makon nan na ga Mama ta fara ajiye kwalaye a bayan ƙofa. Ina da shekara goma sha huɗu, saura min shekara uku in gama sakandare, ƙawayena duk a nan suke, Katsina kuwa tun da muka baro ta sau biyu kacal na koma. Gaskiya na ji tsoro.

Baba shi kam ko gezau. Da aka rasa mai wasa takalma, shi ya miƙa hannu ya ce a bar masa. Ya dawo gida yana murmushi, ya ce wa Inna, "Ashe gado ba ya barin mutum. Har Doha ya biyo ni."

Ƙarfen takalmin ƙanƙara ba kamar wuƙa yake ba. In ka juya shi ka duba ƙasansa za ka ga ɗan kwari a tsakiya da baki biyu a gefe da gefe. In kwarin ya yi zurfi, bakunan su yi kaifi su riƙa cizon ƙanƙara. In bai yi zurfi ba, takalmin ya riƙa sulalewa da sauƙi. Kociya ya ba Baba takarda da sunan kowane ɗan wasa da irin zurfin da yake so. Baba ya karɓa da ladabi, ya ninke, ya sa a aljihu, takardar nan ba ta sake ganin rana ba. A gidan da ya taso, wanda ya zo aski zama yake ya sunkuyar da kai, ba ya gaya wa wanzami yadda zai wasa askarsa. Kuma abin kunya ne ƙarfe ya bar hannun ɗan gidan bai kai matuƙar kaifi ba. Don haka ya saita injin a mafi zurfi, ya wasa wa kowa iri ɗaya, daga gola har ƙaramin cikinsu. Yana gamawa ya goga a farcen babban yatsansa, in ya ga farcen ya fere ya gyaɗa kai.

Wasan farko aka ci su. Na biyu ma haka. Kuma duk hanya ɗaya ce: su fara da kyau, wani lokacin ma su riga zura ƙwallo, amma zubi na uku sai ka ga ƙafafunsu sun yi nauyi kamar masu tafiya a cikin taɓo. Ƙanƙarar Doha da ma tana da laushi saboda zafin gari, ga ƙarafan Baba suna nutsewa a cikinta. Gola kuwa, wani ƙaton mutum mai jan gemu, aikinsa shi ne ya zame gefe da gefe a bakin raga, amma takalmin ya riƙe shi, sai ya yunƙura ya kife. 'Yan kallo su yi ta dariya.

'Yan wasan sun yi ƙorafi, Baba ya saurare su da fara'a ya ce su yi haƙuri za su saba. Da suka ga haka sai suka koma dabara. Kafin su shiga fili kowa ya goga takalminsa a jikin bencin katako don ya rage kaifin. Baba ya lura ƙarafan suna dawowa a dakushe, ya yi ta mamakin rashin kular yaran nan, ya riƙa sammako yana sake wasa su tas kafin kowa ya iso. Su dakusar da yamma, ya wasa da safe. Haka aka yi ta yi har ƙungiyar ta sauka ƙasan teburi ta zauna daram. Bencin nan ma sai da ya yi rami.

Ni na san abin da ke faruwa tun makon farko, don har nawa takalmin ya wasa. Ina hawa na ji kamar an ɗaure min ƙafa, na yi niyyar tsayawa na tashi sama na faɗi a kan gwiwa. Amma ta ina zan fara? Ni ce 'yar fari. Baba ko sunana ba ya faɗa, sai dai ya ce "ke" ko "yarinyar nan". Ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba, balle in dubi idonsa in ce aikin da yake alfahari da shi, wanda ya ce gadon ubansa ne, shi ke kashe ƙungiyar. Na yi ta juya maganar a raina makonni, ina kallon kwalayen Mama suna ƙaruwa. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, kuma na ji tausayinsa fiye da duka.

Ranar wasan ƙarshe kafin a tafi hutun Kofin Duniya aka sake cin su. Kociya ya tare Baba a gabana a bakin ɗakin takalma, fuskarsa ja wur. Ban kama duk abin da ya faɗa ba, amma na ji ƙarshen. Ya ce bayan hutu in ba a gyara ba, shi zai ajiye aiki ya tafi, kuma zai gaya wa mai fili dalili. Baba ya ja mota har Wakra. Sai da muka tsaya ya ce, ba da ni yake ba, "Mutum ya yi aiki mai kyau a ce ya yi laifi."

Washegari da hantsi na samu Inna ita kaɗai tana tsince shinkafa. Abin da ba ka iya faɗa wa uba kana iya faɗa wa kaka ko da cikin wasa ne. Na zauna na gaya mata komai, da kwarin, da bencin, da takardar da ke aljihu. Na nuna mata tabon gwiwata. Ta saurara ba ta ɗaga kai daga faranti ba. Da na gama ta ce, "Kin tabbata, ko dai ƙafarki ce ta banza?" Na ce na tabbata. Ta ce to, ta ci gaba da tsintarta.

Garin a lokacin ya zama wani abu dabam. An rufe makarantu, tituna sun cika da tutoci, jirgin ƙasa ya cika da mutane masu fenti a fuska suna waƙa da harsunan da ban taɓa ji ba. Maƙwabcinmu, wani ɗan Zongon Kumasi da ke aiki a filin jirgi, ya rataya tutar Ghana tun daga barandarsa har ta rufe mana rabin taga. Inna, wadda ta yi shekara biyu da wani abu ba ta wuce asibiti da masallaci ba, ta tashi ranar Juma'a da safe ta yafa mayafinta, ta ɗauko zabirar nan daga ƙasan akwati, ta ce wa Baba yau za ta ga ƙanƙarar da ake ta magana. Ya ce cunkoso ya yi yawa. Ta ce ita ma mutum ce, za ta ƙara musu ɗaya. A cikin jirgi wasu samari masu manyan huluna suka tashi suka ba ta wuri, ta sa musu albarka da Hausa, suka amsa da tafi.

Filin ba kowa, sai ƙugin injina. Inna ta ja mayafi ta rufe kunnuwa, ta ce a kai ta inda takalman suke. Suna jere a kan kanta. Ta ɗauki na farko, wani ƙato kamar kwale-kwale, ta juya shi ta goga a farcenta. Ta ajiye, ta ɗauki wani ƙarami ta goga. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, idonta a rufe, don da ma ba da ido take gani ba. Baba yana tsaye yana jiran yabo.

"Wannan na wane ne?" in ji ta.

"Na gola ne, Inna. Ƙato ne."

"Wannan fa?"

"Na wani yaro ne siriri."

"Kuma ka yi musu kaifi ɗaya."

Ta kwance zabirar ta shimfiɗa asaken a kan kanta, guda biyar, ta ce ya gwada. Ya ɗauka yana gogawa a farce, na ga fuskarsa tana sauyawa. Babu biyu da suka zo ɗaya. Ta nuna masa ta askin jariri ranar suna, ta nuna ta tsofaffi masu sirirriyar fatar kai, ta nuna ta gemu. Ta ce, "Kai wasawa kawai ka gani, don yaro ne kai, ita aka ba ka. Ba ka lura ba ubanka ba ya zaro aska sai ya shafa kan mutum tukuna. In ka dawo masa da ta jarirai da kaifin ta gemu, bayan ka fita yake zama ya rage, don kada ya karya maka zuciya. Ni nake riƙe masa ruwan."

Baba ya tsaya da askar a hannu. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba, har na kawar da kai.

Inna ba ta gama ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa hawa ƙanƙarar da irin takalman nan. Ya ce a'a. Ta ce, "To sa. Ka shafa kan tukuna." Ya ce, "Inna, a gaban yarinyar nan?" Ta ce, "Ita za ta riƙe ka. Yalla." Wato maza. Kalmar Larabci ɗaya ke nan da ta koya a duk zamanta, kuma ta ajiye ta sai ranar.

Haka Baba, magidanci mai furfura a gemu, ya zauna ya ɗaura takalmin da ya wasa da hannunsa. Na miƙa masa hannu. Rabon da in riƙe hannunsa tun ina ƙarama ana tsallaka titi da ni. Ya taka ƙanƙarar, ya yi taku uku, ƙarfen ya cije, ya tafi gaba ɗaya ya ja ni muka zube tare. Daga bakin katanga muka ji Inna tana dariya har da tari. Ya tashi ya sake, ya sake faɗuwa. A karo na uku yana zaune a kan ƙanƙara, wandonsa ya jiƙe, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Haka kike ji tun tuni?" Na ce e. Ya ce, "Kuma kika yi shiru." Na sunkuyar da kai. Sannan ya ce in ɗauko masa wani takalmin mu gwada marar zurfi.

Watan nan da duniya ta taru tana kallon ƙwallon ƙafa, mu a kan ƙanƙara muka yi shi. Baba ya nemo takardar kociya, ta sha wanki a aljihu har rubutun ya dushe, ya je da kansa ya roƙi wata. Amma bai tsaya a takarda ba. 'Yan wasan da ba su yi tafiya ba ya riƙa kiransu ɗaya ɗaya, ya sayo musu shayin karak, ya sa su zagaya yana tsugune yana kallon yadda kowa ke taka ƙafa, wa ke jingina a dama, wa ke birki da hagu. Ya gano lambobin da suka zo da su na ƙanƙarar ƙasarsu ne mai tauri, tamu tana son a rage zurfi fiye da haka. Wannan ko kociya bai sani ba, mai ƙanƙarar ne kaɗai zai sani. In ya wasa sabon kaifi ni nake fara hawa in gaya masa abin da na ji, kuma ya saurara. Inna ta ba shi dutsen Kakana yana bi da shi a gefen ƙarfe bayan inji. Ranar da ya miƙa wa gola takalmansa, mutumin ya zame daga wannan ƙarfen raga zuwa wancan sumul, ya dawo, ya sake, sannan ya taho ya rungume Baba ya ɗaga shi sama. Baba ya yi ta cewa a sauke shi, shi ba yaro ba ne.

Da aka dawo wasa cikin sanyin Janairu, wasan farko suka yi kunnen doki, na biyu suka ci. Daga nan sai abin ya miƙe. Ba wai sun zama wasu mutane dabam ba ne, da ma sun iya, ƙafafunsu ne aka sake musu. Zubi na uku da ya zame musu abin tsoro ya koma lokacin da suke gama da abokan karawa, don su suna sulalewa, waɗancan suna haƙa. Sun sha kashi sau biyu ko uku a tsakani, ban manta ba, akwai ranar da siririn yaron nan ya karye a hannu muka ɗauka shi ke nan. Amma suna ta hawa teburin a hankali. Mama ta daina kawo kwalaye, sai dai ba ta zubar da na bayan ƙofa ba.

Wasan da zai raba gardama ya faɗo ranar Juma'a bayan la'asar, ana saura kwanaki a fara azumi. In sun ci sun shiga huɗun farko, in an ci su mun fara ɗaure kaya. Dukanmu muka je, har maƙwabcinmu ɗan Zongo da gangarsa da ta rage daga Kofin Duniya. Inna ta zauna a layin gaba cikin bargo biyu, duk wanda aka tura a jikin katanga sai ta yi salati ta ce a raba su. Aka shiga zubi na uku ana kunnen doki. Siririn yaron, da hannunsa a ɗaure cikin safar hannu, ya kutsa ya zura ɗaya. Saura minti biyu waɗancan suka cire golansu suka ƙaro mutum, suka yi wa ragarmu ruwan duka. Ana daf da tashi wani ya sami faifan shi kaɗai a gefen da ba kowa. Na ga golanmu ya tura ƙafa ya zame tun daga wancan gefen, irin zamiyar da kafin hutu da ta kifar da shi, ya tare da gwiwa. Aka busa. Ban san na yi ihu haka ba sai da Mama ta dafe min baki.

Na nemi Baba ban gan shi cikin masu murna ba. Yana can bakin ƙofar ɗakin takalma a tsaye, hannunsa a aljihu yana juya dutsen nan. Kafil ya sauko daga inda yake zaune, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Khalas, shi ke nan, ƙanƙara ta zauna." A zagaye na gaba, da ƙungiyoyi huɗun nan suka kara don kofi, aka fitar da su, ba su ɗauki kofi ba, kuma ba wanda ya damu a gidanmu. Ranar Asabar Mama ta ba mai shara kwalayenta.

Inna ta koma Katsina bayan babbar salla, ta ce ta ga abin da ta zo gani, ko da yake idon bai gyaru ba. Shekara guda bayan nan ta rasu. Na gama sakandare a Doha, yanzu ina jami'a a nan garin ina karatun injiniya. Filin yana nan, ƙungiyar tana nan, ko da yake 'yan wasan wancan lokacin duk sun watse. An kawo sabon inji mai kwamfuta, ka sa takalmi ka danna lamba ya wasa da kansa, ba ya buƙatar farcen kowa. Yaran da ke wasa yanzu ba su san an taɓa yin wani benci mai rami ba. Baba dai har yau ba ya miƙa wa mutum takalmi sai ya sa shi ya zagaya ya gani.

Da aka raba kayan Inna, zabirar ta zo hannun Baba, don a gidanmu maza ake ba kayan aski, ba a taɓa ba mace ba. Ya kawo ta Doha ya ajiye. Ranar da zan fara jami'a na fito da jakata, na same shi a bakin ƙofa. Ya kamo hannuna ya sa min dutsen nan mai lotsattsen tsakiya, ya rufe yatsuna a kai. Na ce, "Baba, ai na maza ne." Ya ce, "Na wanda ya san kaifi ne." Sannan, karo na farko tun da aka haife ni, ya kira ni da sunana, ya ce in yi sauri kada jirgin ƙasa ya wuce.